Yadda Na Cire wa Bas Ƙarafunsa a Shekarar Jar Dawa

Kuna cewa kaɗa gitar bas aikin malalaci ne. Na ji ku, ba sau ɗaya ba. Tsirkiya huɗu kacal, murya ɗaya bayan ɗaya, mutum ya laɓe can baya kusa da mai ganga yana gyaɗa kai, a tashi a ce wai shi ma ya yi kiɗa. Wasunku har sun ce hannun hagu na mai fiyano ya wadatar. To madalla. Ni Lawali, na haura shekara arba'in ina rungume da icen nan, kuma kafin ku sake faɗin haka ku zo ku shafa wuyansa. Duk gitar da kuka sani tana da ƙananan ƙarafa a gicciye a wuyanta, waɗanda muke ce wa firet. Ka danna tsirkiya ko'ina tsakanin biyu, ƙarfen ya tsayar maka da murya daidai, ko kana gyangyaɗi. Nawa ba shi da ko ɗaya. Inda yatsanka ya sauka nan murya take, in ka kauce da faɗin ƙwayar gero duk filin zai ji. Ba haka aka ƙero shi ba, ni na cire su da hannuna, kuma ba don nuna gwaninta ba.

Aikina na farko wani suna ne a Kona, ina bin kawuna Ɗan Bako na Maijirgi, mai kiɗan gurmi. Tun a gida na ɗaure gurmina, na ja tsirkiya ta yi tsan-tsan, ina ji da kaina. Ashe mawaƙin da za mu yi wa kiɗa ya tashi da mura, muryarsa ta sauka. Ni ko a jikina, na ci gaba da kaɗa abina a inda na ɗaure shi, mutumin yana ta miƙa wuya yana neman ya cim mini. Sai Kawu ya matso kusa da ni. Ya miƙo hannu ya karɓe gurmin a gaban jama'a, ya tura fatar ɗaurin ƙasa kaɗan har tsirkiya ta sassauta, ya miƙo mini. A hanyar komawa ya gaya mini cewa maƙogwaron mutum ake ɗaure wa tsirkiya, ba a ɗaure mutum a jikin tsirkiya, domin ice bai san mura ba, bai san yunwa ba. Shekara shida na yi a hannunsa, kuma duk abin da ya koya mini bai wuce in rufe bakina in buɗe kunnena ba.

Da sojoji suka karɓi mulki sai aka ce kowane gari ya kafa ƙungiyar samari, da ƴan wasa da ƴan rawa da orkes, wato makaɗan zamani. Garinmu, nan tsakanin Tasawa da Mayayi, aka sauke mana kaya daga babbar mota: gitar solo, gitar rakiya, ganguna, mikoro biyu, amfili, da wannan bas. Kowanne an buga masa lamba a baya da jan fenti, kayan gwamnati ne. Aka ɗora Mushe Abdu, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe irin na Faransanci, ya zama shugaban orkes, don shi kaɗai ya iya karanta kiɗa a takarda. Yana da wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu a aljihu, diyafazon, ya buga shi a gwiwa ya kara a kunne, abin da ƙarfen nan ya faɗa shi ne gaskiya a wurinsa. Samari suka yi wawa a kan gitar solo, kowa yana son a gan shi a gaba. Bas ya rage jingine da bango, Mushe ya ce mai gurmi ya ɗauka. Ba zan ci amanarsa ba: shi ya koya mini do, re, mi, shi ya koya mini ƙirga bugu, kuma bai taɓa gajiya da ni ba.

Ku da kuke soka waya a bango wuta ta zo, ba ku san aiki ba. Mu da batirin babbar mota muke tada amfili, mu ɗora shi a amalanken jaki mu kai wurin biki. In tsirkiya ta dakushe da gumi da datti, babu inda za ka sayi wata, sai ka kwance ta ka tafasa a tukunya, ka shanya, ka mayar, ta ba ka wata guda tana magana. Ƙaramar tsirkiyata da ta tsinke, wayar birkin ƙaramin babur, mobilet, na sa, ta yi mini damina biyu. Lokacin bazara wuyan bas yakan lanƙwashe don zafi, sai in naɗe shi da bargo in ajiye kusa da randa.

Masu kiranmu kuwa iri-iri ne. Ma'aikatan gwamnati, ranar Asabar da la'asar, suna son kiɗan Kwango yadda yake a faifai, ka ƙara ko ɗigo su harare ka. Ƴan kasuwa ba ruwansu da abin da kake kaɗawa muddin an ambaci sunan kakansu a mikoro. Amma alƙalan mai bas na gaskiya mata ne. Kada ka dubi fuskarsu, dubi ƙafafunsu. In ƙafa tana sauka tare da yatsanka, kana kan hanya. In ka ga sun fara gyara ɗaurin zane suna kallon gefe, kai ne ka ɓata, ba mai solo ba.

Ana nan sai aka aiko cewa a gasar da za a yi a Maraɗi ba a son waƙar aro, kowane gari ya zo da tasa, cikin harshensa, da kayan zamani. A nan aka nemo Hawa, mutuniyar Kona da aure ya kawo garinmu. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ba ta taɓa riƙe mikoro ba, a bakin dutsen niƙa da wurin biki ta koyi abinta, amma in ta buɗe baki mai tafiya sai ya tsaya. Matsalar ita ce ba ta dira kan murya kai tsaye. Daga ƙasa take tasowa ta hau ta a hankali, kuma akwai wata murya guda da take son zama a kai wadda ba ta kai ta firet ɗin gaba ba, ta kuma wuce ta baya. Tsakiyarsu take. Mai solo yana iya yin shiru in tana waƙa, ni ba ni da wannan damar. Duk sanda muka haɗu a wurin, sai ka ji abin yana karo, haƙoranka su yi tsami. Mushe ya buga ƙarfensa a gwiwa, ya girgiza kai, ya ce tana fos, wato tana kauce wa murya. Ni na san ba kaucewa take ba, don kullum a wuri ɗaya take sauka, ba ta taɓa kuskure shi ba. Haka matan ƙasarmu duka suke waƙa.

Shekarar ita ce muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke gero yana shirin fitar da kai, daga Kona har Maijirgi har can arewacin Mayayi kara ne tsaye ba zangarniya. Makiyaya suka gangaro da ragowar dabbobinsu suna neman wanda zai karɓa. Biki ya koma ɗaurin aure a zaure, ba kiɗa ba ganga, muka yi wata huɗu ba wanda ya kira mu. Rabin samarin ƙungiya suka tsallaka Najeriya. Amma gasa ba a soke ta ba, sojoji ba sa soke abin da suka faɗa. Duk wanda sunansa yake cikin takardar ƙungiya ana ba shi abincin rana a gidan samari, ran Juma'a kuma a auna masa jar dawar taimako ya kai gida. Mijin Hawa ya bi ayarin masu tafiya kudu, ba shi ba labarinsa, ya bar ta da ƴaƴa uku. Na lura ba ta cin nata abincin ranar, juyewa take a kwano ta rufe da gefen mayafi. Sunanta a takardar nan shi ne tukunyar gidanta gaba ɗaya.

Wata Laraba bayan gwaji Mushe ya tsayar da ni. Ya ce sauran kwana takwas hafsan sojan da ke duba ƙungiyoyi, wanda kowa ke kira Liyetna, zai zo ya saurare mu ya tabbatar da sunayen masu tafiya. Ya ce ba zai iya tsayar da mace mai fos a gabansa ba, zai cire Hawa ya sa wata malamar lakwal da ke bin ƙarfensa sau da ƙafa. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma ya yi imani da abin da aka koya masa. Na roƙe shi ya ba ni kwana biyar kafin ya taɓa takardar. Ya tambaye ni ko ina tsammanin zan gyara mata murya a kwana biyar. Na ce masa a'a, ba muryarta zan taɓa ba.

Na fara da dabarun da ba su da laifi. Na sassauta tsirkiya duka don muryar nan tata ta dace, sai sauran muryoyin suka lalace. Na gwada jan tsirkiya gefe da yatsa daga firet ɗin baya, amma tsirkiyar bas kauri gare ta, kafin in ja ta kai wurin Hawa ta wuce. Ina zaune da shi a cinya ina kallon ƙarafan nan, sai na ga ashe gurmi ne babba da aka yi wa shinge. Na san kuma abin da ke bayansa da jan fenti. A zamanin nan an aske wa mutum kai an sa shi sharar kasuwa don ya ɓatar da shebur ɗin gwamnati. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Ran Alhamis da hantsi na ari awartaki wurin maƙerin unguwarmu, na ce ƙusa zan cire. Na shimfiɗa bas a tabarma, na sa bakin wuƙa a ƙarƙashin firet na farko na ɗaga shi kaɗan, na kama da awartaki na ja a hankali. Ya fito da ɗan tsagin ice a jikinsa, amma an riga an fara. Na biyu na gane sai an bi shi daga gefe zuwa gefe, ba a fizga. Ashirin ne, kafin azahar duk suna cikin gwangwanin tumatir. Ramukan da suka bari na cike da garin katako da na kwaɓa da ƙaro, na bari ya bushe, na goge da takarda mai yashi ta kafinta har tafin hannuna ya daina jin gargada. Na shafa masa ɗan man gyaɗa, wanda a shekarar nan ko a miya ba a samunsa.

Kada ku ɗauka daga nan sai daɗi. Na sa yatsa a tsakiyar layi biyu na gurbin ƙarafan kamar yadda na saba, duk abin da na kaɗa ya fito ƙasa da inda ya kamata. Sai da na yini kafin hannuna ya yarda cewa yanzu a kan layin kansa ake sauka, kuma ido ba ya taimako, kunne ne kawai. Da na samu wannan sai na faɗa kuskuren da duk mai sabon hannu yake faɗawa: zamiya ta yi mini daɗi. Kowace murya sai na ja yatsa na zame zuwa gare ta. Na ɗauki bas da ƙaramin amfili na tafi gidan Hawa, tana tsakar gida tana tankaɗe, na ce ta yi waƙa in bi ta. Ba ta kai ƙarshen baiti ba ta ajiye rariya.

"Lawali, mi ne wanga? Ni ina kuka kai kana kuka, wa za shi riƙe gidan?"

Wannan magana ita ce karatuna na biyu bayan na Kawu. In tana tasowa daga ƙasa, ni in riga ta isa wurin in tsaya cak, ta same ni a can. In ta zauna a muryar nan tata ta tsakiya, in zauna tare da ita daidai, ba sama ba ƙasa. Zamiya kuwa sai inda Hawa ta tsaya jan numfashi, sau ɗaya, gajeriya, in amsa mata in koma mazaunina. Kwana biyu muna haka a inuwar bangonta, daga hantsi zuwa azahar, har yatsuna suka yi ƙulu.

Tunda kun ce kuna son kiɗan zamani, bari in gaya muku abin da za ku saurara. Bas mai firet yana farawa da ƙarfi, tas, sannan ya mutu. Marar firet yana farawa a tausashe, tsirkiya tana kwance a kan ice da naman yatsa, sai muryar ta buɗe bayan an kaɗa ta, ta kumbura, ta yi ɗan gurnani irin na mutum mai magana da baki rufe. Kana iya girgiza yatsa ta yi rawa, kana iya sauke ta kaɗan don ta dace da mai waƙa. Shekaru bayan haka wani direba ya sa kaset ɗin waƙar Turawa a tasha, wata mace tana waƙar soyayya a hankali, na ji wannan gurnanin a ƙarƙashinta yana amsa mata. Na tsaya har ta ƙare. A ranar na san ashe har ƙera shi ake yi haka a can, kuma mutumin da ya kaɗa, ko waye shi, ya san abin da Hawa ta gaya mini, domin a waƙar duka bai zame ya fi sau huɗu ba. In kun ji wanda yake ta zamiya daga farko har ƙarshe, kansa yake yi wa kiɗa.

Ran Litinin na kai bas gidan samari. Mushe ya karɓa, ya juya shi, ya shafa wuyan, ya zauna a benci ba tare da ya shirya zama ba. Ya ce na kashe mu duka. Na roƙe shi ya saurara sau ɗaya kafin ya kai ƙara. Muka yi waƙar daga farko har ƙarshe. Da muka zo wurin da muka saba karo, babu abin da ya faru, murya biyu suka kwanta wuri ɗaya. Ya fito da ƙarfensa, ya buga a gwiwa, ya kara a kunne, ya daɗe yana kallon Hawa. Sannan ya ce ƙarfen yana nan a kan bakansa, amma shi kunnensa bai ji fos ba, kuma bai san yadda aka yi duka biyun suka zama gaskiya ba. Ya ce zai bar sunanta har Liyetna ya ji, amma in an tambaye shi batun bas ba zai yi ƙarya don ni ba. Na ce ban nemi haka ba.

Liyetna ya zo ran Alhamis da safe, aka sa masa kujera a gindin itacen bedi, wato dogon yaro, takardar sunaye a gwiwarsa. Waƙar ta dashen itatuwa ce, abin da hukuma take so a lokacin ke nan, amma karin na niƙa ne, wanda kowa a wurin ya ji a bayan uwarsa. Hawa ta rufe ido ta ɗauko ta daga ƙasa, ni ina can ina jiran ta. Ban taɓa kaɗa abu kaɗan irin na ranar ba, ban kuma taɓa kaɗa abin da ya fi shi ba. Matan da ke dawowa daga rijiya suka tsaya a bakin katanga da tulu a kai, na saci kallon ƙafafunsu na ga suna sauka tare da ni. Liyetna bai motsa ba har muka gama.

Ya tashi ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya yana duba lamba. Tsautsayi, ashe ya taɓa kaɗa gita yana ɗan makaranta. Ya tsaya a gabana, ya kalli wuyan bas, ya kalle ni.

"Ina firet ɗin?"

Na ce suna gida cikin gwangwani, ni na cire. Ya tambayi wanda ya ba ni izini, na ce babu, Mushe ma bai sani ba sai da aikin ya gama. Ya tambayi dalili. Na ce muryar matar nan tana zama inda babu ƙarfe, kuma ɗaya daga cikinsu dole ya matsa. Ya ce in haka ne ai matar ake canzawa, ba a lalata kayan ƙasa.

"Ranka ya daɗe, yanzu ka ji ta."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Liyetna ya koma kujerarsa, ya ɗauki biro, ya bi takardar da ido. Ya ce mai waƙa tana nan, da ita za a tafi Maraɗi. Ya ce mai bas kuma a aske masa kai a kulle shi kwana takwas wurin gardawa, dakarun tsaron hukuma, don gobe kada wani ya ga dama ya fasa ganga. Ya tambaya ko akwai wanda zai iya kaɗa abin a madadina. Samari suka dubi wuyan nan sumul, kowa ya sunkuyar da kai. Sai ya ce to a riƙa fito da ni kowace safiya in yi gwaji, gardi ya raka ni ya maido ni.

Ɗakin ƙarami ne, da taga ɗaya mai sanduna, ga zafi. Kashegari Juma'a, ranar awo. Ina zaune ina tunanin ko maganar Liyetna ta isa wurin mai auna dawa, domin a zamanin nan abin da aka faɗa a gindin bedi ba kullum yake kaiwa bakin buhu ba. Bayan la'asar na ji muryar mace tana gaisawa da gardi, tana roƙonsa. Ya buɗe ƙofa. Hawa ce, da kwano a rufe da faifai. Ta durƙusa ta ajiye a gabana, ta ɗaga faifan: tuwon jar dawa ne da miyar kuka, yana tururi. Ta dubi kaina da aka aske ta kau da fuska.

Na tura kwanon wajenta na ce ta kai wa yara, ni ana ba ni abinci a nan. Ta sake turo shi.

"Ci abinka, ƙanena. Sun ci. Ƙaramar ma barci ya kwashe ta da loma a hannu."

Jar dawar nan ba daɗi gare ta ba, duk wanda ya ga shekarar zai gaya muku, tana da ɗaci kuma tana tsayawa a maƙogwaro. Na wanke hannu na cinye tas, tana tsugune a bakin ƙofa tana jira ta tafi da kwanonta.